Fayil Mai Lamba Casa'in da Tara

Muntaka shi ne ɗa na uku ga Malam Khalilu. An haife shi a wani ƙauye kusa da Shanono, inda gona ke jingine da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Ya yi karatun kwamfuta a Bici, ya gama a shekarun da buhun masara ya fi ƙarfin mai albashi. Mahaifinsa, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa, ya samo masa gurbi a shagon wani abokinsa a Bacirawa, cikin Kano. Muntaka ya ƙi. Ya zauna a ƙaramin asibitin ƙauyensu yana kula da kwamfuta guda ɗaya.

Da ita ake aika sunayen jarirai da masu juna biyu zuwa hedikwata, sannan a turo allurar rigakafi. Sai dai an saita ta ne don ofishin birni, inda wayar intanet ke fitowa daga bango. A ƙauye kuwa sai ɗan abin kama sabis, wanda Muntaka ya ɗaure a kan gora a saman darbejiya. Yakan gyara saitin, amma duk ranar da kwamfutar ta sabunta kanta sai ta goge gyaran, ta koma neman wayar da babu ita.

Wata la'asar ya tarar da mahaifinsa yana ɓarar gyaɗa a zaure.

"Baba, na gano bakin zaren. Na daina taɓa fayil ɗin 'yan hedikwata, nawa na rubuta, na sa masa lamba casa'in da tara. Bi da bi take karanta su, maganar na ƙarshe take ɗauka. Kamar zaman sulhu, kowa ya faɗi tasa, dattijo ya rufe."

"Kai ne dattijon ke nan?"

"A cikin kwamfuta dai."

"To dattijo, sa'o'inka suna Kano suna neman na kansu. Wannan ba aiki ba ne, wasa ne da gora."

Muntaka ya yi dariya, ya ɗebi gyaɗa ya fita.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama shi ranar Talata. Alhamis aka kai shi Bici. Juma'a da hantsi aka dawo da gawarsa. Shekararsa ashirin da bakwai.

Bayan sadakar bakwai, Malama Maryam, shugabar asibitin, ta zo gida da leda. Mace ce mai tsoron haƙƙi. Ta durƙusa ta fito da hula, da kofi, da sukurdireba biyu, da ɗan filashi na adana bayanan kwamfuta.

"Baba, kayan mamaci na magada ne, ba ma so mu kwana da su. Har cikin kwamfutar na bincika. Duk abin da ke da sunansa na kwaso shi nan, ban bar ko ɗaya ba."

Malam Khalilu ya sa mata albarka. Ya ajiye filashin a akwatin da takardar shaidar karatun Muntaka take, bai iya buɗe shi ba.

Bayan mako uku ta dawo. Tun ranar da aka kashe kwamfutar aka sake kunnawa, ta daina kama sabis. Sunaye ba su tafi ba, allura ba ta zo ba. Ranar rigakafi mata sun taru da goyonsu, sun koma haka nan. Mai gyara daga hedikwata ya ce sai wata mai zuwa.

"Baba, ko ya taɓa faɗa maka wani abu a kanta?"

Malam Khalilu ya ce, "Ya faɗa mini. Ni ne ban saurara ba."

Ya ɗauko filashin, suka tafi asibiti. Akwai hotuna a cikin filashin, da wata takardar neman aiki da bai aika ba. Can ƙasa sai ga fayil mai suna 99-muntaka. Malama Maryam ta buɗe. Turanci ne da lambobi, layi goma sha ɗaya. A samansu akwai layi huɗu na Hausa, kowanne da alamar da ke sa kwamfuta ta tsallake shi, don mutane aka rubuta. Malam Khalilu ya sa tabarau ya karanta a fili.

"Kada a cire wannan fayil, shi ke rufe maganar na sama. Mazauninsa aljihun saitin sabis, tare da mai lamba ɗaya. In an mayar da shi a kashe a kunna."

Layi na huɗu bai karanta shi a fili ba. Abin da Muntaka ya rubuta a layin shi ne: "Baba ya ce wasa ne. In ya yi wata shida bai faɗi ba, zan kawo shi ya gani." Kwanan watan da ke gefe ya nuna saura kwana goma sha biyu wata shidan ya cika lokacin da aka cire fayil ɗin.

Malama Maryam ta rufe fuska da mayafi. "Wallahi Baba, na ɗauka gado ne."

"Gado ne, 'yata. Ni ne magajin, na kuma mayar da shi inda mai shi ya ce."

Ta mayar, ta kashe, ta kunna. Suka jira. Alamar sabis ta fito a kusurwa, sunayen jarirai arba'in da uku suka tafi.

Malam Khalilu ya fita ya tsaya a gindin darbejiyar. Gorar tana nan, ɗaure da tsohuwar robar tayar keke, ƙulli uku a jere, irin ɗaurin da shi ya koya wa yaron a kan damin dawa. Ya tambayi Malama Maryam ko akwai tsani, don ƙulli ɗaya ya fara sakewa.