Na-Allah Maƙeri da Injin da Ba Ya Karya Shinkafa

Kowace safiya, bayan sallar asuba, Malam Na-Allah maƙeri yakan gangara rumfarsa da ke bayan tashar manyan motoci a Malanville. Kafin ya taɓa ƙarfe, sai ya bi buhunan da matan gari suka jera, ya ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya daga kowanne ya ciza. Da haƙori yake bambance busasshiya da mai sauran danshi. Sannan ya tada injin casa, ya kara kunne, ya sa kile, wato sufana, ya ɗaure ko ya sassauta ƙusa guda mai zare, har ƙarar ta yi masa daidai. Shekara goma sha biyu ke nan yana haka. A bana, 1987, yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagu ma ya fara dishewa, kunnen kuma ya yi nauyi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma ba da kwanciyar hankali na ɗauka ba.

Ya kamata matasa su san inda aka fito. Tun da aka buɗe gadar da ta haɗa mu da Gaya a ƙetaren kogi, gab da samun 'yancin kai a 1960, garin nan ya zama mashigar kaya. Cikin kayan har da shinkafar waje, fara tas, ƙwaya a miƙe, wadda ake saukewa a Kwatano a hauro da ita. Tamu ta bakin kogi ta fi ta ɗanɗano, kowa ya sani. Amma a turmi ake cashe ta, kuma taɓarya ba ta da tausayi: rabin abin da ke fitowa tsaki ne. Bayan farin 1973, da mutane suka koma ga noman rani gadan-gadan, shinkafa ta yawaita, masu saye kuwa suka ƙi ta. 'Yan kasuwar ƙetaren kogi sukan damƙa, su duba tafin hannu, su zubar, su wuce wajen buhun waje. Injin ƙarfe da wani attajiri ya kawo bai gyara komai ba, domin karyawarsa ta fi ta turmi.

Na-Allah bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Direbobin tasha sun shaida cewa wata rana a 1974 yana zaune bakin hanya, sai amalanken jaki ya juya a kan shanyar shinkafa. Mai shanya ta tashi da faɗa, shi kuwa ya durƙusa yana tsince ƙwayoyin da taya ta murza. Ɓuntu ya fita, ƙwaya ba ta karye ba. Daga ranar ya shiga yankan tsofaffin tayoyin kamiyo, manyan motocin kaya, yana naɗa su a kan gungumen ƙarfe biyu, yana sa ɗaya ya fi ɗaya saurin juyawa. Sau bakwai ya haɗa ya wargaza. 'Yan'uwansa maƙera suka sa masa suna Mai-turmin-mata, domin a wurinsu casar shinkafa aikin mata ne, kuma ɗan gado ba ya barin garma da lauje ya koma can. A watan Nuwamban 1975, watan da ƙasar nan ta tashi daga Dahome ta koma Benin, injin ya fitar da buhunsa na farko.

Malam Na-Allah, kai ne ka sa fatake daga Gaya da Dosso suka daina zubar da shinkafarmu. Kai ne ka sa mata fiye da arba'in masu gumin shinkafa, daga nan har Guéné da Toumboutou, suka iya ajiye tasarsu kusa da buhun waje ba tare da sunkuyar da kai ba. An yi ta karanta mana jawabai a rediyo kan dogaro da kai, mun kuma yi tafi. Kai ba ka yi jawabi ba, tsohuwar taya ka yanka. Gatari mai saran ƙarfe, sannu da aiki.

Sai dai duk sirrin injin yana cikin tazarar da ke tsakanin gungumen nan biyu, wadda ba ta kai kaurin farce ba. In ta matse, shinkafa ta karye; in ta buɗe, ɓuntu ya zauna. Ba a rubuce take ba, kuma kowane buhu da tasa. Ɗan Na-Allah tilo, Seydou, da ya kamata ya gaje ta, ya zaɓi kabu-kabu, haya da babur, ban kuma zarge shi ba, kowa da inda abincinsa yake.

Ranar wata Juma'a a watan Maris, tsoho ya daidaita inji kamar kullum, aka fara zuba. Zeinabou, mai gumi ce da ta haura shekara arba'in, mijinta ya rasu, da wannan sana'a take ciyar da 'ya'ya biyar. Ba ta ko dubi abin da ke zubowa ba ta ɗaga murya.

"Baba, tsaida shi! Ya matse, shina karya min dukiya."

"Ke mi kika sani ga inji, ɗiyar Hamani?"

"Shekara goma ina tsaye nan ina jiran layi. Kana tsammani kunnena gida nike barinai?"

Matan suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya tara hannu, ya shafa, ya ji tsaki. Sai ya miƙa mata kile. Ta ciji ƙwaya, ta sassauta kaɗan, ta saurara, ta ƙara kaɗan. Shinkafa ta fito a miƙe.

Washegari Sarkin Maƙera Ango ya zo da kansa, ni ma ina wurin.

"Na-Allah, tun kaka da kakanni ba a taɓa ba mace kayan maƙera ba, balle wadda ba jininmu ba. Gobe kuma zugazugi za ka miƙa mata?"

"Allah shi daɗe da ran Sarki," in ji Na-Allah. "Zugazugi da uwar maƙera gadonmu ne, ga su can, ban taɓa su ba. Wanga inji kuwa babu kakan da ya bar min shi, daga bola na tsinto shi. Wata shida ina roƙon ku aiko min ɗa guda in koya mishi, kuka ce aikin mata ne. To, ga mai aikin ta zo."

Sarki ya tashi ya tafi, har yau kuma bai aiko ɗa ko guda ba.

Tun daga ranar Zeinabou ke riƙe da kile, tsoho na zaune gefe bisa buzu. Da a nan labarin ya ƙare, da na yi barci. Amma robar gungumen takan cinye duk wata huɗu, kuma yanke sabuwa da naɗa ta daidai aikin maƙeri ne mai ido, wanda Zeinabou ba ta iya ba. Kafin idonsa ya ƙara dishewa, Na-Allah ya yanke biyu-biyu har kashi huɗu ya rataye a bango. An riga an sauke kashi ɗaya. Motocin shinkafar waje kuwa ba su fasa wucewa ta gaban duwan, ofishin kwastan, ba, sai ma ƙaruwa. Ranar da injin nan ya tsaya, matan za su koma turmi, fatake kuma za su koma zubar da abin da suka damƙa.

Malam Na-Allah, mun gode. Mun gode da abin da ka ƙirƙira, mun fi gode maka da ka iya sakin kile lokacin da hannunka bai so ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da gidan da babu wahala a cikinsa.

Ku kuma 'ya'yan maƙera, da duk wani mai hannu a garin nan, ba a neme ku da jawabi ba. Tsohon yana rumfarsa daga hantsi har la'asar, yatsunsa suna gani ko da idonsa ya gaza, kuma ya ce ko wa ya zo zai koya masa, ɗan gado ko bare. Jiya na bi ta wurin na ɗaga kai na dubi bango. Saura uku.