Makubar Inna Mairama

Duk wanda ciwo ya taɓa kai shi wani asibiti da ke Birnin Kudu, in dai ya tsaya layin yankar kati, to ya ga Malam Jafaru. Shi ne dogon nan siriri da ke bayan taga, tabarau a kan hanci, wanda in ka faɗa masa sunanka sau ɗaya, ko bayan shekara uku ka dawo zai miƙa hannu ya zaro katinka bai tambaye ka lamba ba. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa majiyyaci murya ba, amma kuma ba a cika ganin haƙoransa ba.

Mutumin Maruta ne, can ƙasar Gwaram. Kakanninsa masu shanu ne da suka gaji da yawo, suka zauna suka kama noma. Fulatancin ya tafi, sai ɗan abin gaisuwa da sunayen shanu, amma kunyar tana nan daram. Shi ne ɗan fari wurin Inna Mairama. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba, a ɗakinta ya girma. Inna Mairama kuwa tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta sunan nan ba. Da can "wancan" take cewa, da ya kama aiki ya koma "na Birnin Kudu". In ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da take gogewa. In tana da magana da shi, sai ta bi ta kan ƙanwarsa Zulaiha, wadda ke aure nan cikin gari, kullum tana gidan. Sai ka ji ta ce, "Zulaiha, ki gaya wa yayanki ga abinci nan," alhali ga shi zaune, tsakaninsu bai fi taku uku ba.

Kowane ma'aikaci a asibitin yana da hutun wata guda a shekara. Wasu su nufi Kano, wasu Jos shan sanyi, wanda Allah ya hore wa ya tafi Umara. Malam Jafaru shi nasa hutun ba ya canjawa. Ƙarshen bazara yake ɗauka, lokacin da zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Sai ya ɗaura jakarsa a bayan mashin, ya yi sallama da matarsa Huseina da yara, ya kama hanyar gida.

Abin da ke kai shi ɗaki ne guda ɗaya, soron ƙasa da mahaifinsa Malam Buba ya gina wa Inna kafin ya rasu. Ba wai Jafaru bai yi ƙoƙari ba. Ya gina mata ɗakin bulo, rufin kwano, har da silin. Ta shiga ta yi azahar ɗaya a ciki, ta fito tana fifita da gefen zane, ta ce wa Zulaiha ita ba gurasa ba ce da za a gasa ta. Tun daga nan ɗakin bulo ya zama wurin ajiye dusar awaki. Soron ƙasa kuwa kowa ya sani, in ba a yaɓe shi ba kafin ruwa ya sauka, damina ɗaya ta isa ta zubo wa mai shi rufi a ka.

To haka watan yake tafiya. Ya haƙo jar ƙasa daga kududdufi, ya zuba mata yankakkiyar ciyawa, ya naɗe wando ya tattake ta da ƙafa, ya bar ta kwanaki ta tsima. Sannan ya kafa tsani ya hau, ya toshe tsaga, ya gyara indararo, ya yaɓe rufi da bango. A ƙarshe ya bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ya yi jajawur, wanda ke hana ruwan sama cin ƙasar. Ita makubar bai taɓa wahalar nemanta ba. Duk shekara yana isowa zai tarar da ita jiƙe cikin manyan randuna biyu a bayan ɗaki. Ya ɗauka aikin Zulaiha ne, shi ya sa kullum yake riƙo mata turmin atamfa. Ita kuma ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya tana 'yar dariya.

A wurin aiki kuwa ya zama abin tsokana. Akwai abokinsa Maikano na ɗakin magani, mutum mai ƙafar yawo, wanda ba garin da ba zai ce maka ya kwana a cikinsa ba. Da hutu ya matso sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Jafaru, bana ina muka nufa, Dubai ko Maruta? Don Allah kar a manta da mu, a riƙo mana tsarabar taɓo." Jafaru sai ya murmusa ya ci gaba da jera katunansa.

Bara ne abin ya canja. Yana saukowa daga kan rufi da bokiti a hannu, ƙafar tsani ta zame, ya faɗo tim a kan kwankwasonsa. Inna Mairama tana zaune a gindin bango tana tsince wake, komai a idonta aka yi. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta taso ba. Ta ajiye faifai, ta kau da kai, ta shige ɗaki. Maƙwabta ne suka ɗauke shi, can sai ga maɗori ya zo ya gyara masa ƙashin. Kwana tara yana kwance a zaure, ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. A cikin kwanakin nan ne autansu Aminullahi ya dawo daga gona da ɗan ciwon kai, Jafaru yana jin ta tana ta kiran sunansa, Aminullahi ka sha wannan, Aminullahi ka kwanta a inuwa. Abin nan ya tsaya masa a rai, ya ƙi wucewa.

A nan kam sai an faɗi gaskiya, Malam Jafaru ya yi wauta. Shi da aka haifa cikin al'adar nan, shi da har gobe ba ya iya faɗin sunan 'yarsa ta fari Munawwara, sai dai ya ce "yarinyar nan", kuma in ta yi zazzaɓi shi ne ba ya iya cin abinci! Amma mutum mai shekara arba'in da bakwai ya zauna yana ƙullatar tsohuwa kamar yaron da aka hana nono. Ya riƙa ce wa kansa, shekara ashirin da biyu yana kashe hutunsa cikin taɓo, ko sannu ba a taɓa ce masa ba. Da shi da magini duk ɗaya ne a wurinta, to a kai mata magini.

Da hutun bana ya zo, Maikano ya sake leƙowa da tsokanarsa, sai Jafaru ya ce, "Ina za ka bana?"

"Legas, wurin wana. Me ya faru?"

"Da ni za a je. Ban taɓa wuce Kano ba, ina so in ga tekun nan da kake cika mana kunne da shi."

Maikano ya riƙe baki ya ce, "Tabɗi! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

Jafaru ya nemo wani magini ya tura shi Maruta, ya ce a gaya wa Zulaiha bana ba zai samu zuwa ba. Washegari maginin ya dawo. Ya ce tsohuwa ko tsakar gida ba ta bari ya shiga ba, ta aiko masa da fura zaure, ta ce ɗakinta lafiya lau yake. Jafaru ya ce, "To madalla." Huseina ta goge masa kaya ta jera a jaka.

Ana gobe tafiya, ranarsa ta ƙarshe a ofis, yana sunkuye yana rubutu ya ce, "Na gaba. Suna?" Ya ɗago kai, sai ga Zulaiha tsaye a taga. Ashe layi ta bi tun safe kamar kowa.

"Lafiya? Waye ba lafiya?"

"Kowa lafiya, Yaya. Zuwa na yi in gaya maka Inna ta zubar da makuba."

"Makubarki? Don me za ta zubar miki?"

Zulaiha ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta da zafi ta fito. Ta ce, "Tawa? Yaya, ni tunda nake ban taɓa jiƙa makuba ba. Atamfarka dai nake karɓa, don an ce in karɓa in yi shiru. Da ɗorawa ta nuna Inna take ɗaukar sandarta tana bin gidajen masu daddawa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a tara mata ɓawo. Da kanta take jiƙawa. Kullum sai ta tambaye ni nawa ga wata, ka taɓa jin tana da albashin da take jira? Ɗakin nan ai tuni za ta iya barinsa. In ta koma na kwano, me kuma zai zaunar da kai gida wata guda?"

Mutanen da ke layi suka fara leƙe. Jafaru ya rage murya ya ce, "To ai bara da na faɗo, tashi ta yi ta shige ɗaki."

"Ta shige ta ɗauki mayafi, ta fita ta ƙofar baya. Wa kake zaton ya kira maɗori? Ita da ƙafar nan tata ta taka har bayan gari cikin rana, ko takalmi babu. Kwana biyu ruwa kaɗai ta sha. Haba Yaya! Sai ka ce ba a gidan aka haife ka ba."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Da aka tashi ya je ɗakin magani ya ce wa Maikano ya gaida teku. Maikano ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, da ya ga fuskarsa sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ka gaida Inna."

Washegari da hantsi ya isa Maruta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon akuya. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tarar da randunan nan biyu a kife, ƙasar wurin ta rine ja. Ga rufi ya tsage wuri uku, ga hadari kullum da yamma sai ya haɗo ya watse. Ɓawon ɗorawa kuwa lokacinsa ya kusa wucewa. Kwana uku ya yi yana bin gidajen masu daddawa da buhu a bayan mashin, yana sallama daga ƙofa. Mata suna leƙowa suna dariya, ma'aikaci guda da tabarau yana neman ɓawo. Wata tsohuwa ta ce, "Kai ne na Birnin Kudun? Ai mun san labarinka sarai, uwarka ta hana mu sakat." Da ƙyar ya haɗa rabin buhu, ya jiƙa a randa ɗaya. Ya haƙo ƙasa ya tattake, kwankwaso yana yi masa tsami.

Ranar da zai hau rufi gidan ba kowa sai Inna. Aminullahi ya tafi sharar gona tun asuba, Zulaiha kuma ta tafi suna Fagam, sai jibi za ta dawo. Ya jingina tsani a daidai wurin da ya zame bara, ya girgiza shi, ya yi bismillah ya fara hawa da bokiti. Tsanin na ta rawa ƙwarai. Yana kan mataki na huɗu sai ya ji rawar ta tsaya cak.

Ya duba ƙasa. Inna Mairama ce, ta jefar da sandarta, ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu, ta tokare shi da ƙafarta mai ciwon. Fuskarta tana wajen bango, ba ta ɗago ba. Ta ɗaga murya kamar mai magana da wani a can tsakar gida.

"Zulaiha, ki gaya masa ya taka a hankali."

Ba kowa a tsakar gidan sai kaji. Jafaru ya tsaya riƙe da bokiti, hawaye suka cika masa tabarau har ba ya ganin mataki na gaba.

"Zulaiha," ya ce, "ki ce mata na ji."

Ya hau ya kama yaɓe. Bokiti bakwai ya hau da su a ranar, kuma duk hawa da sauka tana nan riƙe da tsanin, tana kallon bango.