Takabar Inna a Shekarar Ambaliya

Babana ya rasu da ruwan shuka, ko noman farko ba a yi ba. Ina Nguru a lokacin, shekarata biyu da aure, maigidana yana dakon buhunan gyaɗa da ƙaro a tashar jirgin ƙasa. Kwana biyu na yi a hanya kafin in isa ƙauyenmu da ke bakin kogi tsakanin Dagona da Gashua, na tarar har an yi sadakar uku. Ni kaɗai ce 'yar da ta rayu wa Inna cikin haihuwa bakwai, shi ya sa maigidana ya ce in zauna da ita har ta fita takaba.

Inna ta riƙe takabar nan da hannu bibbiyu. Ta tsefe kai, ta ajiye kwalli da lalle, zane ɗaya take ɗaurawa, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Kowace safiya takan jefa tsakuwa ɗaya cikin wani ƙoƙo don kada lissafin wata huɗu da kwana goma ya ɓace mata. Ban ga laifinta ba, shekara talatin suka yi da mutumin nan.

Wanda bai zauna ƙasarmu ba, ba ya gane ruwanmu. Ba na sama ne ke cin mu ba. Sai damina ta fara ja baya, gari ya washe, rana tana dukan kai, sannan kogi yake kawo ruwan da aka yi a wasu ƙasashe can yamma. Kullum da safe ka ga ya ƙara taku ɗaya. Akwai sandar da bulama yake sa a kafa a bakin gaɓa, mai tsaga uku. Idan ruwa ya kama ta farko, sai a kwashe awaki daga fadama. Ta biyu, a fara jinga don tare ruwa. Ta uku kuwa, tsofaffinmu sun ce sau biyu kacal suka taɓa ganin ya taɓa ta. A shekarar nan, cikin kwana shida ya haɗiye ta biyu, ya doshi ta uku bai ko tsaya ba.

Bulama ya sa aka yi shela cewa kowa ya haɗa kayansa a koma jigawa, wani tudun rairayi da ke arewa da gari. Gari ya kaure da hidima. Maza suna fasa rumbu suna ɗure hatsi a taiki, mata suna kife tukwane cikin juna, ana cusa kaji a akurki. Irin shinkafa aka fara fitarwa, don wanda ya rasa iri ya rasa baɗi. Ni ma na haɗa namu. Na ɗaure tabarmi biyu, na zuba gari da kuka da busasshen kifi a ƙwarya, na naɗe allon babana cikin buzunsa. Har na kunce akuyarmu, sai ga Baffa ya shigo.

Baffa ƙanin babana ne, shi ya zama babba a gidan bayan rasuwar. Karatunsa bai taka kara ya karya ba. Ya taɓa yin wata uku a gaban wani malami yana saurayi, da wannan wata ukun ya ci gaba da yanke wa mutane hukunci har ya tsufa. Carbinsa kuwa idan ya rataya har cibiya. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi kayan da na tara, ya tambaye ni na wane ne. Na ce namu ne ni da Inna.

Ya ce, "Ke dai ki tafi. Mai takaba ba ta kwana a wani wuri sai ɗakin mijinta. In ta fita, takaba ta ɓaci, shi kuma can kabari ya matse shi."

Inna tana daga cikin ɗaki tana ji. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta gama da ni, don na san daga ranar ko da igiya ba za ta fito ba. Na ce masa ruwa fa ba ya tambayar wace ce ke takaba. Ya ce rashin kunyar Nguru ce na kwaso, zaman kusa da tasha ya lalata ni.

Ya sa samarin gidansa suka ja jinga kewaye da ɗakin Inna, tsayinta bai wuce gwiwa ba. Suka kafa gwafanni huɗu a ciki suka ɗora mata gadon kara a sama, aka cika randa, aka tara itace a kan wani dakali. Ya zagaya ɗakin yana tofa addu'a, ya ce an gama, babu abin da zai same ta. Kafin la'asar shi ya fara haurawa jigawa da iyalinsa da tumakinsa. Har turmi bai bari ba, har tsohuwar ƙofar langalanga da ya cire daga bayan gida. Turmi ya cancanci a tsirar da shi, matar wansa kuwa a bar ta da tofi. Yau shekara nawa, in na tuna bayan rigarsa yana tafe yana kora tumaki, sai haushinsa ya dawo mini sabo.

Na je wurin bulama. Ya saurare ni yana kallon ƙasa, ya ce maganar cikin gida ce, kuma abin da ya shafi addini ba ya sa baki. Matan unguwa suka yi ta ba ni haƙuri suna wucewa da kaya a ka. Haƙurin nan na mutanenmu, ranar na tsane shi. Kowa ya san katangar ƙasa ba ta jure ruwa, kowa ya taɓa ganin yadda take zubewa, amma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wa mai dogon carbi ya yi kuskure.

Kwana biyu muka yi mu kaɗai a gari, sai karnuka. Ruwa ya shigo ta lungun masunta, ya cika tsakar gidanmu har idon sawu, ya tsaya yana lasar jinga. A rana ta uku da sassafe na dafa wa Inna kunu, na ce za ni jigawa neman gishiri. Ƙarya na yi mata. Gashua na nufa, wani wuri a ƙafa, wani wuri ruwa har ƙugu, zanena a ɗaure a ka. Akwai wani tsohon malami a can da ake zuwa wurinsa fatawa daga ƙauyuka. Ta wurin matarsa na bi, ta shigar da ni, na durƙusa daga bakin zaure na faɗi abin da ke tafe da ni.

Bai ko buɗe littafi ba. Ya ce mai takaba idan ta ji tsoron rushewar gida ko ruwa ko wuta, ta tashi ta koma inda za ta tsira, ta ƙarasa kwanakinta a can, babu abin da ya ɓaci. Ya ce wannan ko ƙananan ɗalibansa sun sani. Ya tambaye ni wane ne ya hana ta fita, na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya ce in yi sauri.

Na biyo ta jigawa da azahar, ƙafafuna duk ƙaya. Na sami Baffa a inuwar wata aduwa, an kafa masa rumfa, yana cin ɗanwake. A gaban mutane na faɗa masa abin da malamin ya ce. Ya suɗe hannu, ya ce tun yaushe mace ta fara ɗauko fatawa a ka kamar tallan nono. Wai wa ya san abin da na tambaya, wa ya san abin da aka ba ni amsa. Aka yi dariya. Da ya ce ya yi kuskure, da ya aika yaro ɗaya da kalma ɗaya, da Inna ta fito da ƙafarta. Girman kansa ya fi masa ranta.

Da na koma gida, ruwa ya riga ya huda jinga ta ƙasa. Cikin ɗakin ya kai ƙwauri. Inna tana zaune a kan gadon kara, ƙoƙon tsakuwarta a cinya. Katangar ta jiƙe har kusan kafaɗata, na sa yatsa ya nutse kamar cikin tuwo. Ina tsaye ɗakin girkinmu ya zube, ba wata ƙara mai yawa, sai ruwa ya yi tambal ya dawo. Na faɗa wa Inna maganar malamin Gashua tiryan-tiryan. Ta ce Baffanki ya ji? Na ce ya ji. Ta ce me ya ce? Na ce bai yarda ba.

Ta ce, "Saura kwana tara. Shekara talatin bai taɓa ɗaga mini murya ba, ba zan sa a matse shi saboda kwana tara ba."

Na fita na bar ta. A lungun masunta na sami wata maƙwabciyarmu mai bandar kifi, ƙatuwar mace, ta dawo kwasar ragar mijinta. Ita kaɗai ce a garin nan ba ta ba ni haƙuri ba. Muka ɗauki manyan gora biyu irin waɗanda masunta ke kwanciya a kai su shiga kogi, muka haɗa su da sanduna, muka shimfiɗa asabari a sama.

Ban sake roƙon Inna ba. Na hau gadon na rungumo ta ta baya. Ba ta da nauyi, takaba ta cinye ta, amma da muka zo ƙofa ta kama dogarin ƙofar da hannu biyu. Da hannuna na ɓamɓare yatsun uwata ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan da take ɓoye mini da shi tun ina yarinya, tana cewa in ji tsoron Allah. Ƙoƙon ya faɗa ruwa. Muka ɗora ta a kan gora muka tura, ni a gaba, maƙwabciyar a baya, ruwa har ƙirji a wajen masallaci. Tun daga nan har jigawa fuskarta a rufe take da zane.

Washegari da hantsi ɗakin ya faɗi. Daga kan jigawa ana hango jinkarsa, sai aka ga ta karkata ta kwanta a ruwa. Kowa ya gani. Na ce a raina to magana ta ƙare, yau bakin Baffa zai mutu. Ashe ban san shi ba. Ya miƙe ya nuna wurin da carbinsa, ya ce ga shi nan, kwana uku ɗakin yana tsaye cikin ruwa albarkacin mai takaba, ana fitar da ita ya zube. Wai da an bar ta, da yana nan. Mutane suka yi ta gyaɗa kai suna salati. Na juya na dubi Inna, na ga ta yarda.

Ta ƙarasa kwanakinta a wata bukkar zana a jigawa. Da ruwa ya janye na tafi da ita Nguru, don babu gidan da za ta koma. Na kai ta gaban malamai biyu a can, duk suka faɗa mata abin da na Gashua ya faɗa. Takan ce to, Allah ya saka da alheri, mu dawo gida ta ci gaba da abin da ke ranta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakina. Ta yi mini wankan jego sau huɗu, ta goyi 'ya'yana, ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma duk Juma'a sai ta yi sadakar ƙosai ta ce Allah ya sassauta wa babana. Baffa kuwa ya mutu da mutuncinsa, gari guda ya bi gawarsa. Ban je gaisuwa ba, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ranar da ta ga jikin ya ƙi, ta sa aka kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ana yafe wa juna. Ta yafe wa maigidana, ta yafe wa jikokinta ƙiriniyarsu. Da aka watse na matso na kama hannunta, na ce Inna ni ma ki yafe mini. Ta daɗe tana kallona, ta shafa kaina, ta ce duk abin da ke tsakanina da ita ta yafe duniya da lahira.

Sannan ta ce, "Na ranar da kika fitar da ni kuwa ba nawa ba ne. Sai kin je, ki roƙi babanki."