Ba a Rugarka Ta Ɗauko Ba, Bubayero

Shekara da shekaru ina yi wa mutanen garinmu tambaya ɗaya, a ƙofar masallaci, a majalisar gindin ɗorawa, har a gaban alƙali: wa ya fara cewa jikata Zakiyya a rugar Bubayero ta ɗauko ciwon da ya kashe ta? Ba wanda ya taɓa amsa mini. Wasu su ce in yi haƙuri, wasu su ce tsufa ne ke damuna. To ga shi mutumin da aka ɗora wa maganar ya tafi.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Bubayero a rugarsa da ke bayan gonakinmu, bayan ciwon ƙirji da ya yi fama da shi tun damina. Ni Maharazu ban yi boko ba. Malam Saifuddeen na firamare ne yake rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Bubayero, da kai zan yi magana, don kai ne kake saurarena ba ka katse ni.

Ka san yadda abin ya fara. Zakiyya, 'yar ɗana Musaddiq da matarsa Bilki, ba ta cika shekara shida ba. Matarka Adda Ikilima in ta kawo nono gari, yarinyar sai ta maƙale mata ta bi ta ruga, ta yini tana bin maruƙa, ta dawo da madara a baki. Wata damina sai zazzaɓi ya kama ta ya ƙi sauka. Ta ɗashe, tafin hannunta ya yi fari fat. Haɓo ya riƙa zuwa mata ba dalili, dasashinta na jini, ga tabo baƙi-baƙi a ƙafafu kamar an dake ta, alhali ba mai taɓa ta. Aka ce shawara ce, muka jiƙa saiwa. Aka ce iska ce, muka yi rubutu da hayaƙi. Da ta kasa tsayuwa aka kai ta asibiti a Dutse, su kuma suka ce a wuce Kano. A can aka huda ƙashinta aka zuƙo ɓargo, likita ya kira Musaddiq ya ce masa ciwon daji ne, na jini.

Musaddiq ya dawo ya faɗa a ƙofar masallaci kamar yadda aka faɗa masa. Mutanenmu ba su ji "jini" ba, "daji" kaɗai suka ji. Kafin sallar magariba magana ta gama gari: likita da kansa ya ce a daji ta ɗauko. Wane daji yarinya 'yar shekara biyar take zuwa? Rugar Bubayero. Wata ta ce sawun iska ta taka a garke, wani ya ce a madara aka ba ta.

Ana cikin haka asibiti suka ce jinin jikinta ba ya zama, sai an riƙa ƙara mata. Uban ya bayar har aka hana shi. Bilki tana goyo. Ni na miƙa hannu, nas ta dube ni ta ce, "Baba, kai ma ƙari kake buƙata." Na yi faɗa da ita, na kuma san ita ke da gaskiya. Sai na dawo gida na roƙi Liman ya yi cigiya bayan sallar Juma'a. Ya yi. Sahu ya cika har waje da samari majiya ƙarfi, waɗanda na ga haihuwar iyayensu. Wannan ya ce noma ya taso, in an ɗebi jininsa wa zai riƙe masa fartanya. Wancan ya ce ya ji ana sayarwa ne. Saura suka nemi takalmansu.

Washegari da sassafe na fito na same ka a zaurena, kai da ƙannenka biyu, kun jingine sandunanku a bango. Ka riga ka ji abin da ake faɗa a kanka, domin ranar Juma'ar Adda Ikilima ta koma da ƙwaryarta cike. Ba ka ta da maganar ba. Ka ce, "Malam, an ce ana neman jini. Mu uku ne. Ina ake shiga mota?"

Mutumin da bai taɓa yarda an yi masa allura ba, ka kwanta a gadon asibiti ka kau da kai, ka ce da nas ta yi sauri kafin zuciyarka ta canza shawara. Jininka ya dace da nata. Da aka rataya ledar jinin, leɓen yarinyar ya fara ja, ta buɗe ido ta tambayi uwarta na waye. Aka ce na Baffa Buba ne. Ta ce, "To yanzu ni ma Bafulatana ce?" Ka ce, "Sosai ma. Ki warke ki zo tatsa, mun gaji da ciyar da ke a banza." Ta yi dariya. Rabon Bilki da jin dariyarta tun kafin shuka.

Ba sau ɗaya ka je ba. Duk sanda aka aiko, sai ka bar shanu a hannun yara ka tafi. Da suka ce ka cika dawowa da wuri, jikinka bai mayar ba, sai ka bi rugage ka kwaso 'yan'uwanka, mutanen da ba su san ko sunan yarinyar ba. Gonar Musaddiq, da yake yana Kano yana kwana a barandar asibiti, kai ka kawo shanunka ka yi mata huɗa, ban roƙe ka ba. Adda Ikilima ta karɓi ƙanen Zakiyya ta goya, don Bilki ta samu hannun jinya. Maganin da ake ɗura wa yarinyar ta jijiya ya zubar mata da gashi, ta ƙi yarda kowa ya gan ta. Ka cire malafarka ka kifa mata, ta rufe ta har kafaɗa. Da ita take zama a gado tana karɓar gaisuwa kamar hakimi.

Allah bai yi za ta tashi ba. Bayan an yanke gero likita ya ce a kawo ta gida, ta rasu a cinyar uwarta. Kai ka shiga kabarin ka karɓe ta, domin Musaddiq ya kasa. Gari ya zo gaisuwa, ba zan yi ƙarya ba, tabarma ba ta isa ba. Amma ba a yi sadakar bakwai ba maganar ta sake riga: ai dole ta mutu, an ƙara mata jinin daji a kan ciwon daji.

Daga nan ba gidan da ya ƙara sayen nonon Adda Ikilima sai nawa. Ta koma tafiya Aujara a ƙasa da ƙwarya a ka. In 'ya'yanka sun zo rijiya, mata su janye nasu. Kai kuwa ka ci gaba da zuwa Juma'a, kana gaisawa da waɗanda suka ce ka kashe yarinya. Na ce maka mu je mu tsare su. Ka ce, "Malam, yarinya ta kwanta. Kada mu tashe ta da surutu." Kai ka iya wannan. Ni ban iya ba, ba kuma zan koya da furfura ba.

Na shiga mota ni kaɗai na koma Kano, na zauna a benci har likitan ya fito. Na ce ya gaya mini wane daji yake nufi. Ya riƙe baki. Ya ce suna ne kawai, ciwon a cikin ɓargo yake tsira, ba a ɗaukarsa a wurin kowa, kuma akwai yaran birni a kwance da shi waɗanda ba su taɓa ganin garke ba. Ya ce ba don jinin da kuka bayar ba, da ba ta ga kaka ba. Na dawo na faɗa wa Liman, na faɗa a majalisa. Aka ce Allah Sarki, baƙin ciki ya taɓa tsoho.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na yi murna, na ce yau ƙazafi ya samu mai hukunta shi. Na je gaban alƙali. Ya ce wa nake ƙara? Na ce gari. Ya ce, "Baba, ba a ƙarar gari. Kawo mini mutum ɗaya da shaidu." Na dawo na bi su gida-gida. Kowa ya ce ji ya yi ana faɗa.

Ranar jana'izarka mutanen gari sun cika sahun gaba. Muna dawowa daga maƙabarta, ƙasar kabarinka ba ta bushe a hannuna ba, na ji wani a bayana yana cewa, "Ai tun da ya ba yarinyar nan jini bai ƙara lafiya ba." Na waiwaya, kowa ya sunkuyar da kai. Wato a da kai ka kashe ta, yanzu kuma ita ta kashe ka. Maganar ta isa kunnen Bilki, tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Allah Ya jiƙanka, Bubayero. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa kowane ɗigo da ka bayar ya yi nauyi a mizaninka, Ya haɗa ka da Zakiyya a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Adda Ikilima, da ɗanka Abdurrahim da ƙannensa, da ƙannenka da duk mutanen ruga. Allah Ya ba ku haƙuri, irin nasa.

Saura ku, mutanen gari. Adda Ikilima ta gaya mini da zarar ta fita takaba za ta kora shanun ta koma wurin danginta a Buji. Ta ce mijinta ne mai jurewa, ita ba za ta bar jikokinta su tashi ana janye musu yara a rijiya ba. Ban hana ta ba, da wane bakin? Amma ba za ta tafi da wannan maganar a kanta ba ina raye. Malam Liman, ka ji abin da likita ya ce tun tuni, daga bakina. Ka miƙe ranar Juma'a, a inda ka yi cigiyar jini, ka faɗa da muryarka. Wanda ya fara maganar kuma ya san kansa, ya je ruga da ƙafarsa ya durƙusa wa matar nan. In kuwa akwai mai cewa ƙarya nake yi, ya zo ya faɗa mini ido da ido, kullum ina zaure. Kada wanda ya ƙara ce mini in yi haƙuri. Amsa nake jira, kuma kwanakin takaba tafiya suke yi.