Ƙashin Da Na Ƙi Gaisarwa

Jiya matar maƙwabcina ta ɗora man shanu a wuta, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanke babur. Na ajiye tsumman na zauna. Wani in ya ji ƙamshin nan tuwo yake tunawa. Ni kakana nake tunawa, da ɗakinsa a Digil, da ihun mutanen da ake dannewa a kan tabarma.

Kakana mai ɗori ne. Daga Vimtim ake kawo masa masu karaya, daga kan duwatsu ake sauko da su a kan jaki ko a kan ƙyauren ɗaki. Musulmi da Kirista, bai taɓa tambaya ba, don ƙashi ba shi da addini. Kayan aikinsa ba yawa: man shanu, karan dawa da aka tsaga, tsumma, sai wani gari mai launin toka da yake ajiyewa a 'yar jakar fata. Garin nan daga dutse yake niƙa shi, dutse mai siffar ƙashi. Ƙashin Manya yake ce masa, wato mutanen farko.

A gidanmu hannun ɗori mutum ɗaya ake ba wa. Babana bai samu ba, shi ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai. Kowa ya san ni ne. Amma akwai ƙa'ida. Kafin a fara koya maka, sai tsoho ya kai ka inda Manya suke kwance, ka durƙusa ka gaishe su, ka ɗauko jakar da hannunka har gida. In ba ka yi wannan ba, ko kallon aiki ba za a bar ka ka yi ba.

Shekarata goma sha biyu lokacin, ina aji biyar, ni ke zuwa na ɗaya. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye maka ba. Malaminmu yana da wani littafi marar bango, a ciki akwai hoton ƙasusuwan wasu dabbobi da suka fi giwa, ya ce sun ƙare tun kafin a yi mutum. Dainaso. Na riƙe kalmar nan a baki kamar alewa, ina jiran wanda zan burge da ita.

Bayan ruwan farko ake zuwa, saboda ruwa ne ke zaizaye ƙasa ya fito da ƙashin. Kawuna yana da wata tsohuwar a-kori-kura, zai kai buhunan gyaɗa wata kasuwa bayan iyaka, shi ya ɗauke mu da asuba. Kaka a gaba, ni a baya kan buhuna. Muka bar Mubi, muka ƙetare mayo, wato rafi, ruwa na taɓa ƙofar mota, muka yi ta hawa da gangara. Ƙasa ta jiƙe, manoma duk sun fito, mata na bin bayansu da ƙoƙon iri. Muka sauke gyaɗa, muka saki hanyar mutane muka bi wata da shanu kaɗai suka sani. Kada ka tambaye ni sunan wurin. Kaka bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Da rana ta take tsaka, itatuwa suka ƙare. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Kwazazzabai ne iya ganinka, kamar an sa gatari an faskara duniya. Jikin gaɓar layi-layi, ja, fari, toka, ja kuma. Ba ciyawa, ba akuya, ko kukan kurciya babu. Zafi daga ƙasa yake tasowa ya bugi fuska. Kawu ya kashe mota ya ce, “Baba, ni a nan zan tsaya. Mota ya yi zafi. Wurin nan ma ba na son shi.”

Muka gangara ni da Kaka. Da muka isa ƙasan kwazazzabo ya cire takalmansa, ni ban cire ba. Ya kalli ƙafafuna, ya wuce gaba. Muka zagaya wata kwana, sai ga su. Ƙashin baya ne a jere cikin gaɓa, kowane guda ya kai turmi girma. Gefe guda ga ƙashin cinya ya leƙo rabi, rabin nan kaɗai ya fi ni tsawo. A take na gane su, su ne na cikin littafin malam.

Kaka ya durƙusa, da kyar, don gwiwoyinsa sun gaji. Ya zuba 'yar dawa a ƙasa, ya ajiye goro ɗaya, ya yi gaisuwa da yarenmu irin wadda ake wa dattijo. Sannan ya juyo.

“Durƙusa ka gaishe su.”

Na ce, “Kaka, ai ba mutane ba ne. Ƙadangare ne ƙato. Dainaso. Malam ya nuna mana.” Har dariya na yi. Dariyar nan ta bugi gaɓa ta dawo mini.

“Durƙusa,” ya sake cewa.

“Ni ba zan gaida ƙadangare ba.”

Ya kalle ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi. Ya ce, “Tun kafin a haifi malaminka nake taɓa ƙashin mutum. Kana zaton ban san wannan ba na mutum ba ne? Cewa na yi ka gaishe shi don ya girme ka.”

Da na durƙusa a lokacin, da shi ke nan. Amma na riga na yi magana, kuma gaskiya na faɗa, yaro mai gaskiya kuwa ya fi jaki taurin kai. Na tsaya ƙiƙam. Kaka ya tsinci guntu ɗaya da ruwa ya riga ya ɓalle, don ba a haƙa, ba a fasawa. Ya sa a jaka, ya rataya a kafaɗarsa. Ya hau gaɓa yana nishi, ina biye da shi hannu wofi.

Kawu ya gan mu ya ce, “Kai ɗan boko, yaya jaka ba ya hannunka?” Duk hanyar dawowa ina zaune a bayan mota kan ƙarfe tsura, ina kallon ƙeyar Kaka ta gilashi. Hadari ya haɗo ta gabas ya bi mu, bai zubo ba. Muka shiga gida ana kiran magariba.

Bai taɓa tsawata mini ba. Naman da ke kwanonsa ni yake miƙa wa kamar da. Amma in aka kawo mai karaya sai ya ce, “Je ka yi karatunka.” Ina jira ya kira ni, shi yana jira in roƙa. Damina biyu muna haka, ya rasu. Bai ba kowa hannun ba. Bokon da na yi taƙama da shi kuwa a aji biyu na sakandare ya tsaya, babana ya kwanta ciwo, gona ta cinye ni. Ban zama malam ba, ban zama mai ɗori ba. Achaɓa nake yi a Sabon Layi.

Shekarar da 'yan bindiga suka tarwatsa Mubi muka gudu kan duwatsu, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta zame tsakanin duwatsu, ƙafarta ta karye. Ba asibiti, ba likita, ba hanya. Wata tsohuwa ta nuna ni ta ce, “Ga jikan mai ɗori nan!” Aka ja ni gaban yarinyar. Uwarta ta riƙe rigata tana cewa, “Baba, don Allah.” Na kama ƙafar. Ina jin ƙashin yana motsi a ƙarƙashin yatsuna, ban san inda zan ja ba, ban san inda zan danna ba. Na tsaga kara na ɗaure yadda na tuna daga leƙen ƙofa.

Ban san ko garin tokar nan yana magani ba. Wataƙila dutse ne kawai. Amma hannun tsohon nan gaskiya ne, kuma saboda ni aka binne hannun tare da shi. Yaran yanzu sun san sunayen dabbobin nan har goma, a waya suke gani, ɗan autana yana jero mini su. Cikinsu ba wanda zai iya ɗaure ƙafar akuya.

Yarinyar ta girma, tana sayar da kunu a bakin kasuwa. Ƙafar ta haɗe a karkace, in tana tafiya kafaɗarta ɗaya na nutsewa. Duk sanda ta gan ni sai ta cika kofi ta ce, “Baba mai ɗori, zo ka sha, kai ka cece ni.” Ta ƙi karɓar ko sisi. Ni kuwa in fasinja ya ce bakin kasuwa, ta baya nake zagayawa da shi.