Bel ɗin jif ɗita da mai ciki a ƙauye

Ina ta zarya a gareji, waya a hannu. Matata tana ƙauyensu bayan Mashi, watan haihuwarta ya kama, ranar zan je in ɗauko ta. Juyen baƙin mai kawai na kawo tsohuwar jif ɗita.

Sai Malam Idi bakanike ya nuna mini bel ɗin inji, duk ya tsattsage.

Na ce, "Malam, ba ta taɓa mace mini a hanya ba. Sauri nake!"

Ya ce, "Alhaji, ba a nan zai tsinke ba. A daji ne, da mai ciki a baya."

Dole na zauna. Sai la'asar ya gama canzawa. Na je na ɗauko matata lafiya, jiya ta sauka, alhamdulillahi.

Da ku ne, da kun iya jira?