Filin da Madam Ta Samo wa Kyaftin

Abubuwa da yawa na zamana a Suleja sun riga sun shige min duhu, amma safiyar Asabar ɗin da na bi wata mata da karenta zuwa bayan gari, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Yau ga furfura ta cika min kai, amma da na rufe ido sai in ga ƙofar langa-langar nan da wayar da aka ɗaure ta da ita.

A farkon shekarun casa'in ne, lokacin da ake ta kwaso ma'aikata daga Legas zuwa Abuja. Gidan Abuja ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne, saboda haka kowa ya gangaro Suleja neman haya. Maigidana mutumin Kano ne, ni ma haka, muka samu ciki da falo a unguwar Magajiya, a irin gidan nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Da sassafe maza su bi motar Abuja, mu mata mu wuni da junanmu.

Kafin in ci gaba sai na faɗi wani abu, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Shekarar da muka zo na haifi 'yata ta fari. Ba ta kai ga fara zama ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Maza suka naɗe ta suka fita da ita, ni ina ɗaki, domin mu mata ba ma bin gawa. Ga shi kuma 'yar fari ce, wadda a gidanmu uwa ko sunanta ba ta kamawa, balle a ga tana kuka a kanta. Na haɗiye. Ban taɓa tambayar maigidana inda aka sa ta ba, shi ma bai taɓa ɗauko zancen ba. Abin da na sani kawai shi ne makabartar tana bayan gari.

Da damina ta kama sai ga sabuwar 'yar haya a ɗakin da ke kallon nawa. Mutuniyar Binuwai ce, Kirista, mai buga tafireta a wata ma'aikata. Tun tana ƙarama aka kai ta Legas, can ta yi aure, can mijinta sojan ruwa ya rasu. Hausarta ta bariki ce, amma ana ganewa. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma Amarya take ce min, duk da na gaya mata amarcina ya daɗe da ƙarewa. Kayanta ba su da yawa. Abin da ya sauko daga motar a ƙarshe shi ne kare, baƙi, ƙato kamar ɗan maraƙi, wai shi Kyaftin.

Ni fa ba na son kare, kuma har gobe ban canja ba. Ranar farko na kwashe butocina da kwanukana na shige da su ɗaki. Na ce mata, "Madam, in dabban nan ya sa baki a rijiyar nan, wallahi ni da ke ne."

Ta ce, "Amarya, yi haƙuri. Na maigidana ne. Shi kaɗai ya bar min."

Ta ɗaure shi da sarƙa a jikin turken shanya. Nan fa aka shiga uku. Da ta fita aiki zai fara kuka, ba haushi ba, wani irin kuka mai tsawo da ke shiga har cikin kai, kuma ba zai daina ba sai ta dawo. Jarirai ba barci, mu ba sukuni. Ta yi min bayani cewa a Legas kullum da safe mijinta yakan kai shi bakin teku ya sake shi, kuma a barikinsu akwai fili mai shingen waya da aka ware don karnuka su yi gudu. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Fili don kare? Madam, nan mutane ma ba su samu wurin kwana ba."

Mai gidan hayarmu dattijo ne mai haƙuri, amma ƙorafi ya ishe shi. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in wata ya ƙare karen bai yi shiru ba, to ko karen ya fita ko su fita tare. A lokacin kuwa samun ɗaki a Suleja sai wanda Allah ya so, balle mace ita kaɗai da kare.

Haka ta shiga neman wuri mai katanga da za ta riƙa sakinsa. Ta gwada filin ƙwallon firamare, babu shinge, ya kora awakin mutane har cikin kasuwa. Ta je harabar cocinsu, aka ce a'a, yara na wasa a wurin. A unguwar Bagama akwai filaye da masu hali suka kewaye suka bari ba gini, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane mai gadi ya ce ba shi da iko. Na ga matar nan tana ramewa. Wata rana na tarar da ita zaune a ƙasa ta rungume wuyan karen tana yi masa magana da yarensu. Tausayi ya kama ni, amma ban nuna ba.

Sai kawai muka wayi gari karen ya yi shiru. Ana idar da sallar asuba za ta fita da shi, su dawo ƙafafunsa duk laka, ya zube a inuwa ya yi ta barci har ta taso daga aiki. Gidan ya samu lafiya. Mai gida ya zo ya ce madalla, magana ta wuce. Na tambaye ta sirrin, ta ce ta samo wata tsohuwar gona ce da mai ita ya watsar, katanga ta kewaye ta ruf.

Ranar Asabar ɗin mun shirya zuwa kasuwa tare, da izinin maigidana. Ta ce, "Amarya, mu fara biyawa ki ga gonar. Ba nisa." Na ce to, amma karen ya yi gaba, ni a baya. Muka bar gidaje, muka bi wata siririyar hanya cikin ciyawa mai raɓa har muka iso bayan wata doguwar katanga. Akwai 'yar ƙofar langa-langa da aka ɗaure da waya. Ta kwance wayar kamar ƙofar ɗakinta, ta cire wa karen sarƙa, ya yi ciki a guje.

Ta ce, "Kin gani? Gonar doya ce. Sai dai manomin bai iya kunya ba, duk ya yi su a karkace, wasu dogaye wasu gajeru."

Na sa ƙafa ɗaya ciki. Ciyawa ta kai gwiwa, amma a ƙarƙashinta ga tuddan ƙasa nan a jere, ruwan sama ya zaizaye su, duk sun miƙe ta fuska ɗaya. A kan wasu ga fasassun tukwane, a kan wasu guntun icce. Ban taɓa shiga makabarta ba, amma ba sai an gaya min ba.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Madam, kira shi! Kira shi yanzu! Makabarta ce!"

Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce, "Wace makabarta? Ina duwatsun? Ina sunayen?"

Na ce, "Mu ba ma rubuta suna! Mutane ne kwance a nan!"

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta ƙwala wa karen kira da wata murya da ban san ta da ita ba. Ya dawo yana kaɗa wutsiya. Ta cafke shi ta maƙala masa sarƙar. A daidai nan wani tsoho da ya zo yankar wa tumakinsa ciyawa ya ɓullo ta gefen katanga. Ya dube mu, ya dubi karen, ya dubi ƙofar a buɗe. Ya ajiye laujensa ya juya cikin gari da sauri.

Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Samari da sanduna, wasu da duwatsu, ana ta cewa a fito da karen a kashe, wasu na cewa da gangan ta yi, raini ne. A shekarun nan ƙaramar magana irin wannan takan zama babbar wuta, kowa ya sani. Madam ta kulle kanta da karen a ɗaki. Mai unguwa ya iso, maigidana da mai gidan haya suka tare ƙofa suna ba da haƙuri, amma ba mai saurarensu. Na ji wani yana ihu, "Iyayenmu ne a ciki! Wa ya san zafinmu?"

Ban san lokacin da na figi mayafi ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban maza ba, sai ga ni a bakin ƙofa. Na dubi mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ni na san zafin. 'Yata tana cikin makabartar nan." Maigidana ya juyo ya dube ni, domin tun ranar da aka fita da ita bai taɓa jin na ambace ta ba. Na ce, "Ina wurin lokacin da matar nan ta gane. Gona ta ɗauka. A wurinsu kabari da dutse yake, da suna, da siminti. Ta bayan katanga take shiga, ba ta taɓa ganin an kawo gawa ba. Da na gaya mata, kusan faɗuwa ta yi. In da raini ne, da ni zan fara jifanta."

Mai unguwa ya tura dattawa su je su duba. Muka yi ta jira a rana. Suka dawo suka ce sawun kare kam ga shi nan birjik, amma bai tona ko kabari ɗaya ba. Sai Madam ta buɗe ƙofa ta fito, ta durƙusa a gaban mutane tana hawaye, ta ce a yafe mata, ita ma tana da wanda ke kwance a ƙasa. Mai unguwa ya yanke magana: ba za a kashe karen ba, ita ma ba za a tashe ta ba, amma karen ba zai sake kwana a unguwar ba. Ya kuma ce laifin har da nasu, da suka bar ƙofar makabarta da guntuwar waya. A makon nan aka toshe ƙofar da bulo.

Maigidana ne ya samo mafita. Wani abokin aikinsa yana da fili a hanyar Izom, ya kewaye shi da katanga ya tara bulo, ɓarayi na ta ɗiba. Da murna ya karɓi Kyaftin. Karen ya samu filin da ya fi wanda ake nema, sai dai Madam ta rasa shi a kusa da ita. Ran Asabar da Lahadi take shiga mota ta kai masa abinci. Sauran kwanaki in ta dawo aiki sai ta zauna a bakin ƙofarta tana kallon turken shanya.

A irin wannan zaman ne wata yamma na kai mata tuwo na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Amarya, 'yarki ƙarama ce sosai?" Na ce ƙarama ce. Ta ce, "To na san wurin. Ƙananan duk suna gefe ɗaya, jikin katanga ta gabas. Akwai bishiyar mangwaro babba a wurin. Rana ba ta dukansu. Da safe tsuntsaye ne cike, kuma ruwa ba ya kwanciya, wurin tudu ne." Ta ƙara da cewa, "Ban taɓa barinsa ya je gefen ba. Na ɗauka sabuwar shuka ce, kada ya tattake."

Nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita. Na yi shi sosai, a kafaɗar matar da na yi wa gargaɗi a kan rijiya. Da maigidana ya dawo daga masallaci na tambaye shi kai tsaye, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ƙarƙashin mangwaron take.

Abin da na koya shi ne, abin da duk gari ya sani, baƙo bai san shi ba sai an gaya masa, kuma kafin ka ɗaga sanda a kan mutum ka fara tambayarsa me idonsa ya nuna masa. Dangina da na mijina duk sun so ni, amma kunya ta hana kowa gaya min inda 'yata take. Wadda ta gaya min ita ce matar da ta shiga wurin da kare bisa kuskure. Har yau in na yi wa yarinyar addu'a, inuwar mangwaron nan nake gani.